Gwamnatin wata shida: yadda anka yi mulki a Faransa daga 1946 zuwa 1958

Hirarmu ta yau ta tarihi ce, kuma za ta kai mu nesa da gida, har birnin Pari. Kada wani ya ce mi ya haɗa mu da rigimar Nasara. A shekarun da za mu yi magana a kansu, ƙasarmu tana hannun Faransa. Dokar da ake bi a Maraɗi da Damagaram da Tawa, can ake rubuta ta. Mai naɗa gwamnan da ke zaune Yamai, can yake. In iska ta kaɗa can, nan ƙurar take sauka.

Masu bin labarun duniya sun ji cewa cikin watan Disamba na 2024 majalisar dokokin Faransa ta kada gwamnatin Michel Barnier, wata 3 kawai bayan naɗa shi. Wanda ya gaje shi, François Bayrou, shi ma ya faɗi gaban majalisar cikin Satumba na 2025. Mutane sun yi mamaki, don rabon da majalisa ta kada gwamnati a ƙasar tun 1962. To, akwai lokacin da wanga abu ba abin mamaki ba ne ko kaɗan. Daga 1947 zuwa 1958, shekara 12 ba ta cika ba, Faransa ta yi gwamnati fiye da 20. In anka raba, kowace ta sami kamar wata 6. Wato gwamnatin da anka kafa da ruwan fari, da wuya ta ga ƙarshen cinikin gyaɗa. Wannan zamani shi ake ce ma Jamhuriya ta Huɗu.

Mafarin abin

Da anka gama yaƙin duniya na biyu, Janar Degol ne ke riƙe da gwamnatin wucin gadi. Shi yana son a yi tsarin da zai ba shugaban ƙasa ƙarfi. Jam'iyyu sunka ƙi, kuma suna da dalilinsu. Ba su manta da Marshal Petan ba, wanda majalisa ta danƙa ma dukkan iko a 1940, ya koma yana aiki da Jamusawa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Da Degol ya ga ba a bin ra'ayinsa, ya aje aiki ran 20 ga Janairu 1946, ya koma ƙauyensu.

Jam'iyyu sunka rubuta tsarin mulki, jama'a sunka ƙi shi cikin watan Mayu. Anka sake wani, ya wuce da ƙyar ran 13 ga Oktoba 1946: kamar mutum miliyan 9 sun ce i, miliyan 8 sun ce a'a, wasu kamar miliyan 8 ba su ma fito ba. Kun ga tun ranar suna jaririn ba shi da masoya da yawa.

Ga yadda tsarin yake. Akwai shugaban ƙasa, 'yan majalisa ke zaɓensa na shekara 7, amma ikonsa kaɗan ne. Mai riƙe da mulki na gaske shi ne shugaban majalisar ministoci, wanda yau muke ce ma firaminista. Shugaban ƙasa ya nuna mutum, mutumin ya tafi gaban majalisar dokoki ya faɗi abin da zai yi. Sai fiye da rabin depitoci duka sun yarda da shi kafin ya kama aiki. Na farko da ya hau, Paul Ramadier, a Janairu 1947, ya ƙara ma kansa wata ƙofa da doka ba ta sa ba: bayan ya zaɓi ministocinsa ya sake komawa majalisa neman yarda. Abin ya zama al'ada. Daga nan sai mutum ya wuce ƙofar farko, ya maƙale a ta biyu. Haka ta faru ga mutum biyu a jere cikin Oktoba 1949, Jules Moch da René Mayer: majalisa ta yarda da su, amma sunka kasa haɗa ministocin da jam'iyyu za su amince da su.

Lissafin da ba ya fita

Yanzu ku biyo ni da hankali, don nan ne zuciyar maganar. Majalisar tana da depite fiye da 600. Ana raba kujeru gwargwadon ƙuri'un da kowace jam'iyya ta samu, saboda haka babu wadda ta taɓa samun rabi. Dole a haɗa kai.

Da farko manya uku sunka haɗu: 'yan kwaminis, 'yan gurguzu, da MRP, jam'iyyar masu bin ɗariƙar Katolika. Su uku sun ishi majalisa. Amma haɗin bai daɗe ba. Duniya ta soma rabuwa biyu, ɓangaren Amurka da na Rasha. A cikin gida kuma ma'aikatan masana'antar motoci ta Renault sunka shiga yajin aiki. Ran 4 ga Mayu 1947 ministocin kwaminis sunka jefa ƙuri'ar ƙin gwamnatin da suke zaune a cikinta, Ramadier ya sallame su. Ba su sake shiga gwamnati ba har Jamhuriyar ta ƙare, alhali kuwa a kowane zaɓe suna samun kamar ƙuri'a 1 cikin 4. A shekarar nan dai Degol ya kafa tasa jam'iyya, RPF, wadda burinta shi ne a rushe tsarin a sake wani.

To, ku duba majalisar da anka zaɓa a 1951. Gungu 6 ne a ciki, kowane da depite wajen 100. Gungu biyu, kwaminis da mutanen Degol, kowa ya zo neman yarda a'a suke ce mishi. Saura huɗu: 'yan gurguzu, MRP, 'yan Radikal, da masu ra'ayin riƙau. Ana bukatar ƙuri'a 314. Ke nan sai kusan dukkan huɗun sun tsaya wuri guda. In ɗaya ya ja ƙafa, rumfa ta faɗi.

Su huɗun kuwa ba abu guda ya raba su ba, shi ya sa gyaran ya yi wuya. A kan albashin ma'aikata, 'yan gurguzu da MRP bakinsu ɗaya. A kan ko gwamnati za ta taimaki makarantun coci da kuɗin ƙasa, su biyun nan abokan gaba ne, 'yan gurguzu sai su koma wajen 'yan Radikal. In anka zo maganar lanho da kashe kuɗi, 'yan Radikal su bar 'yan gurguzu su koma wajen masu ra'ayin riƙau. Maganar kafa rundunar soja guda ta Turai tare da Jamusawa kuwa, ita ta tsaga jam'iyyun ne har cikin gidajensu. Kowace magana da nata masu rinjaye. Gwamnatin da anka haɗa don ta warware maganar kuɗi, ran da maganar makaranta ta taso ba ta da mutane. Haka anka yi cikin Satumba 1951: an yi dokar ba makarantu tallafi har da na coci, 'yan gurguzu sunka janye daga haɗin.

Shi ya sa za ku ji lissafi mai ban dariya. Robert Schuman ya kafa gwamnati a Satumba 1948, majalisa ta kada ta bayan kwana 2. Henri Queuille ya kafa wata a Yuli 1950, ita ma kwana 2. Edgar Faure ya yi kwana 40 a farkon 1952, ya nemi ƙarin lanho na kashi 15 cikin 100, anka kada shi. A 1953 ƙasar ta yi sati 5 ba gwamnati: mutum huɗu sunka zo gaban majalisa ɗaya bayan ɗaya anka mayar da su, ɗaya daga ciki, Georges Bidault, ƙuri'a guda tak ta rage mishi. A ƙarshen shekarar, da anka zo zaɓen shugaban ƙasa, sai da anka jefa ƙuri'a sau 13 kafin René Coty ya fito.

Wani zai tambaya: shin depitocin ba su tsoron a kore su su koma gaban jama'a? Nan akwai wayo. Doka ta ce ba a rushe majalisa sai in ta kada gwamnati biyu cikin wata 18 da ƙuri'ar fiye da rabin depitoci. Sai sunka koyi awo. Su ba gwamnati kashi daidai yadda za ta gane ba ta da sauran ƙarfi, amma kada lissafin ya kai rabi. Wasu su ƙi jefa ƙuri'a da gangan. Firaminista ya ga dokarsa ba ta wuce ba, ko wata jam'iyya ta janye ministocinta, sai ya aje aiki da kansa ko da doka ba ta tilasta mishi ba. Yawancin gwamnatocin haka sunka tafi. Sau ɗaya depitoci sunka yi kuskuren awo, a Nuwamba 1955, Edgar Faure ya rushe majalisar. Rabon da a yi haka a Faransa tun 1877. Zaɓen da ya biyo, na 2 ga Janairu 1956, bai gyara kome ba: kwaminis sun ƙaru zuwa wajen 150, ga kuma wasu sababbin masu a'a fiye da 50, mutanen Pierre Poujade, ƙananan 'yan kasuwa masu ƙin lanho.

Gwamnati sabuwa, fuskoki na jiya

Kada mu ɗauka kowane wata 6 ana share fage a kawo baƙi. Mutanen dai su ne. Wanda ya faɗi yau yana firaminista, gobe ga shi ministan kuɗi ko na shari'a cikin gwamnatin wanda ya gaje shi. Ma'aikatar harkokin waje, daga 1944 zuwa 1954, kusan mutum biyu ne sunka yi ta karɓeɓeniya da ita, Bidault da Schuman. Faransuwa Miteran, wanda ya zama shugaban ƙasa a 1981, sau 11 yana shiga gwamnati a wancan zamani. A ganina wannan ma yana cikin abin da ya sa cutar ta daɗe. Faɗuwa ba ta da zafi ga wanda ya faɗi, ga depiten da ke jiran kujerar minista kuwa kowace faɗuwa kasuwa ce ta ci.

Kuma a faɗi gaskiya, ƙasar ba ta tsaya ba. Manyan ma'aikata suna nan ba a canja su. Jean Monnet ya tsara shirin sake gina ƙasa tun 1946, anka gyara hanyoyin jirgin ƙasa, anka gina madatsun ruwa na lantarki, masana'antu sunka tashi. Shirin haɗa kan Turai a wannan zamani anka aza harsashinsa, daga jawabin Schuman na 9 ga Mayu 1950 har yarjejeniyar Roma ta 1957. Abin da ma'aikaci zai iya yi a ofis, an yi shi. Abin da ya gagara shi ne maganar da sai shugaba ya tsaya ya ce ga inda za mu, ko da rabin abokan tafiyarsa za su yi fushi. Irin wagga magana kuwa, mafi yawanta a kan ƙasashen da Faransa ke mallaka take.

Yadda abin ya taɓa mu

Mu dawo gida. A Pari ministan ƙasashen ƙetare yana canjawa, wani ya shekara, wani ko shekara bai kai ba. A Yamai kuwa gwamna Jean Toby ya zauna daga 1942 har 1954. Ku gaya mini, tsakanin ministan da ke shirin ɗaure kayansa da gwamnan da ya san kowane sarki da kowane kumandan, wa ke da ƙasa a hannu? Wanda ya gaji Toby ma, Jean Ramadier, ɗan wancan Ramadier ne da munka ambata.

Ga misali guda na yadda canjin gwamnati ke cin talaka. A Oktoba 1947 minista Marius Moutet ya sa hannu kan dokar aiki ta ƙasashen ƙetare, wadda za ta tsara haƙƙin ma'aikaci. Bayan 'yan makonni gwamnati ta canja, sabon minista ya dakatar da ita. Ma'aikatan Afirka sunka yi ta jira shekara 5. Sai da ƙungiyoyinsu sunka yi yajin aiki na gama gari a Afirka ta Yamma a Nuwamba 1952, sannan majalisa ta fitar da dokar cikin Disamba.

Siyasarmu ma ta sha wannan iska. An kafa jam'iyyar PPN a 1946, ta shiga babbar ƙungiyar RDA ta su Hufwet Bwanyi na Kodibuwa. Diori Hamani ya ci zaɓen depite a Nuwamba 1946, ya tafi Pari. Can depitocin RDA sunka jingina da gungun kwaminis, waɗanda a lokacin suna cikin gwamnati. Da anka fitar da kwaminis a 1947, sai RDA ta wayi gari abokiyar 'yan adawa, gwamnoni sunka ɗauke ta abokiyar gaba. A Kodibuwa an kama mutane da yawa, an yi harbi har da rasa rayuka a farkon 1950. A nan, hukumar Nasara ta goya ma wata jam'iyya baya, UNIS, a zaɓen 1951 Diori ya rasa kujerarsa.

Amma abin yana da wata fuska. Inda ƙuri'a guda ke hana mutum zama firaminista, depite 10 ba abin rainawa ba ne. A 1950 Miteran yana ministan ƙasashen ƙetare, jam'iyyarsa UDSR ƙarama ce mai neman ƙarin mutane. Ya yi magana da Hufwet, RDA ta rabu da kwaminis cikin Oktoba 1950, daga baya ta haɗa gungu da UDSR. Ba kowa ya yarda da wannan juyi ba. A nan Nijar Djibo Bakary ya ƙi shi, ya rabu da PPN, hanyarsa ta kai shi ga kafa jam'iyyar da anka sani da Sawaba. Su kuwa waɗanda sunka bi Hufwet, ƙuri'unsu sun yi tsada a kasuwar Pari. A Fabrairu 1956 Hufwet ya zama minista cikin gwamnatin Guy Mollet, gwamnatoci sunka yi ta faɗuwa shi yana nan. Diori ya koma majalisa a 1956, a 1957 ya zama ɗaya daga cikin mataimakan shugabanta.

Cikin wannan yanayi anka yi dokar 23 ga Yuni 1956, wadda ake kira da sunan minista Gaston Defferre. Ita ta ba kowane baligi, mace da namiji, damar jefa ƙuri'a, ta haɗa Nasara da ɗiyan ƙasa cikin akwati guda, ta kuma ba kowace ƙasa 'yar gwamnatinta ƙarƙashin gwamna. Bayan zaɓen Maris 1957, Djibo Bakary ya jagoranci gwamnatin farko ta ɗiyan Nijar. Ita ma gwamnatin haɗin gwiwa ce, don sai da ya haɗa kai da 'yan siyasar da sarakuna ke goyon baya. Mi ya sa majalisar da ta saba jan ƙafa ta yi sauri a wannan karo? Tsoro. Wuta tana ci a Aljeriya, ba su son wata ta kama kudu da Sahara.

Yaƙe-yaƙen da babu mai iya tsayarwa

Wutar nan ba a Aljeriya ta fara ba. Tun ƙarshen 1946 Faransa ke yaƙi a Indoshin, wato Biyetnam da maƙwabtanta, da mutanen Ho Shi Min. Shekara kusan 8 ana yi. Babu gwamnatin da ta iya cewa a yi sulhu, don masu ra'ayin riƙau za su kada ta. Babu kuma wadda ta iya tura samarin Faransa masu bautar ƙasa, don iyayensu masu ƙuri'a ne. Sai anka bar yaƙin a hannun sojan haya da sojan ƙasashen mallaka. Akwai gidaje da yawa a ƙasarmu da kakansu ya ga Indoshin da idonsa. Seyni Kountché ma, yana saurayi cikin sojan Faransa, ya yi Indoshin da Aljeriya.

Ran 7 ga Mayu 1954 sansanin Diyen Biyen Fu ya faɗi, dubban sojan Faransa sunka shiga hannu. Sai a lokacin majalisa ta yarda da mutumin da ta ƙi bara, Pierre Mendès France. Ya tsaya gabansu ya ɗaukar ma kansa wa'adin wata guda: ko ya kawo sulhu ko ya sauka. Cikin Yuli anka sa hannu a Janeba. Kafin watan ya ƙare ya tafi Tunisiya ya yi musu alkawarin mulkin cikin gida. A Agusta ya kawo maganar rundunar Turai gaban majalisa, wadda gwamnatocin baya sunka yi ta ɓoyewa shekara 2, majalisa ta binne ta. Kowane mataki ya warware ƙulli guda, kowane kuma ya ƙara mishi maƙiya. MRP ba ta yafe mishi maganar rundunar ba. Har masu dafa barasa ya taɓa, shi da ke shan madara a bainar jama'a. Ran 5 ga Fabrairu 1955 anka kada shi, bai cika wata 8 ba. Depitoci sun ɗauko shi ne ya cire musu ƙaya, da ƙayar ta fita sunka sallame shi.

Kafin ya faɗi, yaƙin Aljeriya ya riga ya tashi, ran 1 ga Nuwamba 1954. Nan abin ya fi wuya, don akwai Turawa wajen miliyan guda da ke zaune can, kuma doka tana lissafin ƙasar cikin Faransa kanta. Guy Mollet ya hau a 1956 da niyyar sulhu. Ya je Alje ran 6 ga Fabrairu, Turawan garin sunka tarbe shi da jifa da tumatir. A ranar ya janye mutumin da ya naɗa ya riƙe ƙasar. Daga rannan Turawan Aljeriya sunka gane cewa hayaniyar titi tana iya juya gwamnatin Pari. Mollet ya koma tura soja har sunka kai wajen 400,000. Shi ne ya fi kowa daɗewa a zamanin, kamar wata 16, kuma abin da ya kada shi a Mayu 1957 shi ne lanhon da ya nema don biyan kuɗin yaƙin.

Ku lura da abin da ke faruwa a ƙarƙashi. Tunda na sama ba su daɗewa, na ƙasa sun daina jiran izini. A 1953 wakilin Faransa a Maroko da abokansa sunka tuɓe Sarki Muhammadu na Biyar, gwamnati ta bi bayansu, bayan shekara 2 dole anka maido shi. A Oktoba 1956 soja sunka tare jirgin saman da ke ɗauke da Ahmed Ben Bella da wasu shugabannin 'yan gwagwarmayar Aljeriya, firaminista bai ji ba sai bayan an gama. Ran 8 ga Fabrairu 1958 jiragen Faransa sunka yi ruwan bom a wani ƙauyen Tunisiya, Sakiyat Sidi Yusuf, ranar kasuwa. Mutum wajen 70 sunka mutu, cikinsu har da yaran makaranta. Gwamnatin Félix Gaillard ba ta hukunta kowa ba, kuma da ta yarda Amurka da Ingila su shiga tsakani, majalisa ta kada ta ran 15 ga Afrilu. Cikin shekara guda, daga Mayu 1957 zuwa Mayu 1958, in anka tara kwanakin da ƙasar ta yi ana neman firaminista, sun kusa wata 3. Ga kuma yaƙi ana yi.

Watan Mayu na 1958

Ran 13 ga Mayu Pierre Pflimlin ya zo gaban majalisa neman yarda. Ana zarginsa da son magana da 'yan gwagwarmaya. A ranar Turawan Alje sunka fasa gidan gwamnati, Janar Massu ya hau kan kwamitin da sunka kafa, anka soma kiran sunan Degol. Majalisa ta ba Pflimlin yarda cikin dare, amma umarninsa ba ya ƙetare teku. Ran 24 ga wata sojan laima sunka karɓe tsibirin Kors ba wanda ya tare su, ana ta raɗe-raɗin Pari ce ta gaba. Pflimlin ya sauka. Shugaba Coty ya aika ma majalisa cewa in ba ta karɓi Degol ba shi ma zai aje aiki. Ran 1 ga Yuni depite 329 sunka ce i, 224 sunka ce a'a. Mutumin da ya bar su a 1946 ya dawo, sunka ba shi cikakken iko na wata 6 da izinin rubuta sabon tsarin mulki.

Sabon tsarin ya bi ramukan tsohon yana toshewa. Shugaban ƙasa ne ke naɗa firaminista, yana kuma iya rushe majalisa. Masu son kada gwamnati sai su kawo takarda su tara fiye da rabin depitoci, wanda ya yi shiru ana lissafa shi wajen gwamnati. Wanda ya zama minista sai ya bar kujerarsa ta depite. An kuma canja yadda ake zaɓe, kowace mazaɓa mutum guda, zagaye biyu. Firaministan farko, Michel Debré, ya yi fiye da shekara 3, na biyu, Georges Pompidou, ya yi 6. Aljeriya kuwa, wadda don a riƙe ta anka kira Degol, ta sami 'yancinta a hannunsa a 1962.

Ran 28 ga Satumba 1958 anka kawo tsarin gaban jama'a, har da mu. Ga ƙasashen Afirka tambayar ita ce: i, a zauna cikin tarayya da Faransa, ko a'a, a rabu nan take. Gine ta Seku Ture ta ce a'a. A Nijar Djibo Bakary da Sawaba sun yi kiran a'a, Diori da PPN sun yi kiran i. An aiko sabon gwamna, Don Jean Colombani, gab da ƙuri'ar, kuma hukumarsa ba ta tsaya gefe ba. Sarakuna da 'yan siyasar da Djibo ya haɗa gwamnati da su, da yawansu sunka bar shi. Masu i sun sami fiye da kashi 3 cikin 4, ko da yake waɗanda sunka fito ba su kai rabin masu rajista ba. Gwamnatin Djibo ta sauka cikin Oktoba, anka rushe majalisar ƙasa anka sake zaɓe cikin Disamba. Ran 18 ga Disamba 1958 sabuwar majalisar ta zauna Yamai, Boubou Hama yana shugabanta, ta yi shelar Jamhuriyar Nijar, ta danƙa ma Diori Hamani gwamnati.